Bokitin da ake cafkewa a iska: yadda Amurka ta fara leƙen Tarayyar Sobiyet daga samaniya

Ranar 19 ga Agusta, 1960, wani jirgin dakon kaya na sojin saman Amurka, samfurin C-119, yana shawagi a kan tekun Pasifik daura da tsibiran Hawaii. Ƙofar bayansa a wangale take, yana jan wata igiya mai ƙugiyoyi da aka ɗaura tsakanin dogayen sanduna biyu. Matuƙinsa, Kyaftin Harold Mitchell, ya kafa ido a kan wata laima da ke saukowa sannu a hankali, wani abu kamar tukunya yana reto a ƙasanta. Sau biyu yana kai mata wawura yana kuskurewa. A na uku ƙugiya ta sarƙe laimar, ma'aikatan da ke bayan jirgin suka naɗo igiya suka jawo kayan ciki. Masu aikin bokiti suke ce wa wannan tukunya, kuma abin da ke cikinta fim ɗin hoto ne mai nauyin kusan kilo 9, wanda ya kwana yana zagaya duniya a cikin wani tauraron ɗan'adam na leƙen asiri.

A wannan rana dai, can a birnin Mosko, kotu ta yanke wa wani Ba'amurke mai suna Francis Gary Powers hukuncin ɗaurin shekara goma, saboda an harbo jirginsa na leƙen asiri yana ɗaukar hoton ƙasarsu. Wato ranar da aka rufe wa Amurka ƙofa, ranar ta samu taga.

Kafin a gane girman abin da ke cikin bokitin nan, sai an san irin duhun da Amurka take ciki. A lokacin, Tarayyar Sobiyet ƙasa ce da ta fi kowace faɗi a duniya, kuma a kulle take. Baƙo ba ya yawo yadda ya ga dama, akwai garuruwa sukutum da ba a sa su a taswira, taswirar da ake sayar wa jama'a ma da gangan ake karkata ta. A farkon Yaƙin Cacar Baka, abin da Amurkawa suka dogara da shi shi ne tsofaffin hotunan da jiragen Jamus suka ɗauka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai kuma labaran fursunonin yaƙi da aka sako. Ga shi a 1949 Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliya. Shugaban Amurka Eisenhower, tsohon janar ne, bai manta da harin ba-zata da Japan ta kai sansanin sojin Amurka na Pearl Harbor ba, kuma ya san idan aka sake yin irinsa da makaman ƙare-dangi babu wanda zai tashi ya rama da ƙarfinsa.

Wanda ba ya gani kuwa, komai aka nuna masa sai ya ɗauka. A wani bikin nuna jiragen yaƙi a Mosko a 1955, an ce jiragen jefa bama-bamai ƙwaya kaɗan aka riƙa zagayowa da su suna sake wucewa ta gaban 'yan kallo, jami'an ƙasashen Yamma suna ƙirgawa suna ƙara lissafi. Daga nan ihu ya tashi a Washington cewa an bar su a baya. A shekarar ce Eisenhower ya kawo shawara a taron Geneva cewa kowane ɓangare ya bar jiragen ɗan'uwansa su ratsa samaniyarsa su ɗauki hoto. Jagoran Sobiyet, Khrushchev, ya ce wannan leƙen asiri ne da aka sa wa riga, ya yi watsi da batun. Sai Amurka ta koma yi a ɓoye. A farkon 1956 ta saki balan-balan sama da 500 ɗauke da kyamarori, iska ta kwashe su ta ratsa da su ƙasar, ƙalilan ne suka dawo da abin kirki. Daga watan Yulin shekarar jirgin U-2 ya fara aiki, yana tashi sama da kilomita 20, inda jiragen Sobiyet ba sa iya kaiwa. Hotunansa tangaram suke, su ne ma suka nuna cewa yawan jiragen bam ɗin nan ƙarya ce. Amma kowace tafiya tsokana ce, na'urorin Sobiyet suna ganinsa, kuma sau 24 kacal ya ratsa ƙasar cikin shekara huɗu. Ranar 1 ga Mayu, 1960, Powers ya tashi daga Peshawar ta Pakistan, makami mai linzami ya same shi a kusa da Sverdlovsk. Shi ke nan, tulu ya fashe.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: Sobiyet ce da kanta ta share wa tauraron leƙen asiri hanya. Dokar duniya ta ce sararin da ke kan ƙasa mallakarta ne, amma ba wanda ya faɗi inda wannan mallaka ta tsaya. Da Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko da Sobiyet ta harba, ya tashi ranar 4 ga Oktoba, 1957, yana wucewa ta kan Amurka da kowace ƙasa ba tare da neman izini ba, kuma ba wanda ya kai ƙara, sai abin ya zama al'ada. Mutanen Eisenhower sun ji kunyar an riga su, amma sun lura da wannan riba. A watan Fabrairun 1958 ya amince da wani shiri na sirri tsakanin hukumar leƙen asiri ta CIA da rundunar sojin sama, aka raɗa masa suna Corona. Richard Bissell, wanda ya jagoranci aikin U-2, shi aka ɗora a kai. Jama'a kuwa aka ce musu sunan shirin Discoverer, binciken kimiyya ne kawai. Har ɓeraye huɗu aka taɓa ɗorawa a ɗaya daga cikin rokokin, abin da ya ƙara wa wannan labari armashi.

To, yaya ake ɗaukar hoto daga can? Nan ne gizo ke saƙar.

Tauraron yana tafiya ne a nisan da bai wuce kilomita ɗari biyu ba ko kusa da haka a inda ya fi matsowa ƙasa, cikin gudun kusan kilomita 28,000 a awa, yana kammala zagaye ɗaya cikin kamar minti 90. Daga sansanin Vandenberg da ke gaɓar California ake harba shi ya nufi kudu, domin ya riƙa bi ta saman ƙuryar kudu da ƙuryar arewa ta duniya. Hikimar ita ce, shi yana zagayensa daga arewa zuwa kudu, duniya kuma tana juyawa a ƙarƙashinsa daga yamma zuwa gabas, saboda haka duk zagaye sabon yanki yake tararwa, kamar mai huɗa da ke kama sabuwar kunya duk juyowa. Idan ya zo kan Sobiyet kyamara ta kunna, idan ya wuce ta mutu, don kada a yi asarar fim.

Wanda ya taɓa ɗaukar hoto ta tagar mota tana gudu ya san abin da ke fitowa: dishi-dishi. A nan kuwa ƙasa tana gudu a ƙarƙashin kyamara kusan kilomita takwas a daƙiƙa. Dole aka ƙera kyamarar yadda za ta ɗan motsa daidai da gudun ƙasar a lokacin da take buɗe ido, domin hoton ya tsaya cak a kan fim. Gilashinta kuma ba ya kallon wuri ɗaya, shara yake yi daga gefe zuwa gefe, yana zana doguwar tsiri ta ƙasa a kan fim mai faɗin milimita 70. Kamfanin Itek ne ya tsara kyamarar, Kodak ya yi fim, Lockheed ya ƙera jikin tauraron, General Electric ya yi bokitin.

Ɗaukar hoton ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da dawo da shi gida. Yaran yanzu da suka tashi da waya a hannu ba za su gane ba, amma duk wanda ya taɓa kai fim situdiyo ya jira kwana biyu a wanke masa ya san cewa hoton da ke cikin kyamara ba hoto ba ne tukuna. Sojin sama sun gwada wata hanya a shirinsu na Samos: a wanke fim ɗin a can sama, wata na'ura ta karance shi, a aiko ta rediyo. Dabarar ta yi kyau a takarda, amma fasahar lokacin ba ta iya ɗauko bayanai masu yawa haka, abin da ke isowa kaɗan ne kuma ba shi da kyau. Masu Corona suka zaɓi hanyar da ta fi kama da ta ƙauye: a naɗe fim a cikin bokiti, a jefo shi. Idan fim ya ƙare, tauraron ya sunkuyar da kai, ya saki bokitin, wata ƙaramar roka ta rage masa gudu, ya faɗo cikin iska yana ƙuna, garkuwar zafi tana kare shi, sannan laima ta buɗe. Jirage daga Hawaii suna jira. Idan sun kuskure ya faɗa teku, yakan yi iyo yana aika sigina har jirgin ruwa ya zo. Abin da ya fi burge ni a duk ƙirar shi ne wata 'yar toshiya ta gishiri da aka sa a gindinsa. Idan aka yi kamar kwana biyu ba a tsince shi ba, ruwa ya narkar da gishirin, bokiti ya sha ruwa ya nutse, ba mai samu. Duk ilimin roka da lissafin falaki, ƙarshen tsaron sirrin a hannun gishiri yake.

Sau goma sha biyu a jere abin yana lalacewa, tun daga harbin farko ranar 28 ga Fabrairu, 1959. Wata roka ba ta kai sama ba, wani tauraron ya riƙa wuntsilawa, wani bokitin ƙaramar rokarsa ta tura shi sama maimakon ƙasa. Na Discoverer 2 ya sauka a wajen tsibirin Spitsbergen can arewacin Norway, aka yi ta nema ba a gan shi ba. Fim ɗin farko kuma da ya shiga inda babu iska sai ya bushe ya riƙa tsinkewa, sai da Kodak ya canza shi da wani mai gindin roba mai ƙarfi. Bissell ya taɓa kwatanta ciwon abin da cewa idan jirgi ya samu matsala matuƙi zai dawo ya ba ka labari, shi kuwa tauraro ka harba ya tafi ke nan, sai dai ka zauna kana hasashe. Da a yau ne, da majalisa da 'yan jarida sun binne shirin tun a karo na biyar. Sirrin da aka lulluɓe shi da shi ya taimaka, kuma Eisenhower bai janye hannu ba. Discoverer 13 ne ya fara dawo da bokiti lafiya, aka tsamo shi daga teku, ba kyamara a ciki sai tutar Amurka. Mako guda bayan haka na 14 ya kawo fim.

Da aka wanke shi, hoton farko na wani filin jirgin sama ne a Mys Shmidta, can ƙuryar arewa maso gabashin Sibiriya. Hotunan ba su kama ƙafar na U-2 ba wajen kyau, abin da bai kai kamar mita 12 ba ba a rarrabe shi. Amma faɗin ƙasar da suka ɗauko ya haura murabba'in kilomita miliyan huɗu, wato ya ninka Najeriya fiye da sau huɗu, ya kuma zarce duk abin da U-2 ya tara a shekarunsa huɗu. A wannan tafiya ɗaya aka gano filayen jirage 64 da sababbin wuraren harba makaman kakkaɓo jirage 26.

Sai dai babban aikin da Corona ya yi ba gano abin da ke akwai ba ne, gano abin da babu ne. A lokacin Khrushchev yana cika baki cewa masana'antunsa suna fitar da makamai masu linzami kamar ana murza tsiran nama a inji. A yaƙin neman zaɓen 1960, ɗan takarar shugabancin Amurka John Kennedy ya yi ta caccakar gwamnati cewa ta yi barci Sobiyet ta tsere mata. Wasu ƙiyasin sojin sama suna maganar ɗaruruwa. Matsalar ita ce jirgin da ya ɗauki tsiri ɗaya na ƙasa ba zai iya rantsuwa cewa babu komai a bayan tsauni na gaba ba. Tauraro kuwa yana bin duk layin dogo na ƙasar, kuma makamin R-7 na lokacin ƙato ne, ba ya motsi sai a kan jirgin ƙasa, ba a kafa shi sai da gini mai girma. Idan ka bi dogo duka ba ka ga ginin ba, to babu shi. A watan Satumban 1961 hukumomin leƙen asirin Amurka suka sauke ƙiyasinsu na makaman Sobiyet masu iya kaiwa Amurka zuwa tsakanin 10 da 25. Gani ya kori ji. Wata guda bayan haka mataimakin sakataren tsaro, Roswell Gilpatric, ya fito fili ya nuna cewa Amurka ce ke gaba nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka wannan gaskiya zaman lafiya zalla ta haifar. Masana tarihi da dama suna ganin tonon asirin nan yana cikin abin da ya tunzura Khrushchev ya kai makamai masu matsakaicin zango Cuba a 1962, don ya cike giɓin ta hanya mai arha. Kuma hotunan da suka fallasa makaman Cuba ranar 14 ga Oktoba na U-2 ne, ba na tauraro ba, domin a lokacin ana buƙatar hoto mai kyau kuma yau-yau.

Hoto ba ya magana da kansa, sai an samu mai karanta shi. A Washington akwai wata cibiya da Arthur Lundahl ya jagoranta, inda mutane ke wuni sunkuye a kan tebura masu fitila a ƙasa, ido a madubin ƙara girma, fim yana wucewa. Daga tsawon inuwa da sanin inda rana take a sa'ar da aka ɗauki hoton suke lissafa tsayin gini. Hanyar da aka yi wa kwana mai faɗi fiye da kima tana nuna doguwar mota ce ke bi, mai ɗauke da abin da ba ya lanƙwasuwa. Shinge riɓi biyu ko uku a tsakiyar daji yana cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Tsarin mulkin Sobiyet ma ya taimaka musu ba da saninsa ba: komai da zane ɗaya ake gina shi daga Mosko, saboda haka idan ka gane sansani ɗaya ka gane sauran. Daga 1962 aka riƙa ɗora kyamara biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya baya, idan aka haɗa hotunan biyu sai ƙasa ta taso da tudu da kwari kamar a taɓa. Daga baya aka ƙara bokiti ya zama biyu, kyawun hoto kuma ya kai ana rarrabe abin da bai kai mita biyu ba. Da irin wannan kallo aka ga China tana shirya filin gwajin bam ɗin nukiliya a Lop Nur, har sakataren harkokin wajen Amurka Dean Rusk ya sanar da duniya tun kafin bam ɗin ya tashi ranar 16 ga Oktoba, 1964.

Aibobinsa ma ba ɓoyayyu ba ne. Gajimare ba ya jin umarni, fim mai yawa ya tafi a ɗaukar farin girgije, abin da ya sa aka ƙirƙiro taurarin duba yanayi na soja don su riƙa faɗin inda gari ya washe. Akwai lokacin da tartsatsin lantarki a cikin kyamara ya riƙa ɓata fim. A 1964 wani bokiti ya ɓace hanya ya faɗo a ƙauyen Venezuela, manoma suka tsinta, har aka ɗauki hotonsa kafin Amurkawa su zo su karɓa. Babban aibin dai shi ne jinkiri. Sai fim ya cika, a jefo, a cafke, a kai Rochester ta jihar New York a wanke, sannan a kai Washington. A watan Agustan 1968 tauraron ya ɗauki tankokin Sobiyet sun yi cincirindo a iyakar Czechoslovakia, amma kafin hoton ya iso hannun masu dubawa tankokin suna cikin Prague, babban birnin ƙasar. Na'ura ce ta ƙirga abin da ake shekara ana ginawa, ba ta gargaɗin abin da zai faru jibi ba. Kuma ko ta ƙirga maka makamai daidai, ba ta gaya maka abin da mai su yake nufin yi da su. Sai a watan Disamban 1976, da aka harba tauraron KH-11 mai aiko da hoto ta lantarki ba fim, aka fara rabuwa da jiran bokiti.

Su ma Sobiyet ba su zauna ba. Nasu tauraron, Zenit, da jikin kumbon Vostok aka yi shi, irin wanda ya ɗauki Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, sai aka cire kujerar mutum aka sa kyamarori. Ya fara aiki a 1962 a ƙarƙashin sunan Kosmos, wanda shi ma riga ce irin ta Discoverer. Su ba su sha wahalar cafke a iska ba: suna da fili iya ganinka, sai dunƙulen ya sauko da laima a kan ƙasarsu, da fim da kyamarar gaba ɗaya, a gyara a sake amfani da ita. Abin dariya, a 1962 Mosko tana matsa wa Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta leƙen asiri daga samaniya. Da nata idon ya buɗe, a 1963 sai ta bar maganar.

Daga nan aka shiga wani irin zama na kowa ya san ana kallonsa, ba mai faɗi. Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya taɓa sakin baki a 1967 yana cewa ko hotunan nan kaɗai aka samu daga duk kuɗin da aka zuba a harkar samaniya, riba ta ninka, domin kafin su ana gina abin da ba a buƙata, ana tsoron abin da bai kai a ji tsoro ba. Ranar 26 ga Mayu, 1972, Shugaba Nixon na Amurka da Brezhnev na Sobiyet suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar taƙaita manyan makamai. Sobiyet ba za ta bar masu bincike su shiga sansanoninta ba, to da me za a tabbatar ba a yi ha'inci ba? Sai aka rubuta cewa kowane ɓangare zai yi amfani da hanyoyin fasaha na ƙasarsa wajen tabbatarwa, kuma ɗayan ba zai yi musu katsalandan ko ya ɓoye musu ba. Ba a ambaci tauraro ba ko sau ɗaya, amma kowa ya san shi ake nufi. Abin da Khrushchev ya ƙi a Geneva, magajinsa ya sa masa hannu bayan shekara 17. Kwana ɗaya kafin wannan biki aka harba Corona na ƙarshe, manyan ƙannensa Gambit da Hexagon suka ci gaba da aikin.

Hukumar NRO da ta riƙa tafiyar da taurarin tun 1961, sai a 1992 gwamnati ta yarda ma cewa akwai ta. A watan Fabrairun 1995 Shugaba Clinton ya ba da umarnin a buɗe rumbun, hotuna sama da 800,000 suka fito fili. Waɗanda suka fi murna ba sojoji ba ne. Kyamarar da aka aika neman makamai ta ɗauki duniya kamar yadda take kafin manyan madatsun ruwa da bunƙasar birane da noman inji su shafe abubuwa da yawa. Masu binciken kufai sun gano tsofaffin hanyoyi da garuruwa a Siriya da Iraƙi waɗanda yau gonaki da gine-gine suka haɗiye. Kuma kyamarorin nan sun ɗauki sassan Afirka ma. Duk lokacin da aka jera hotunan tafkin Chadi don a nuna yadda ya janye, na farkon jerin, na shekarar 1963, inda ruwa ya malale kusan murabba'in kilomita 25,000 ya taɓa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, daga cikin wannan rumbu aka zaro shi. Masuntan Baga da na N'Guigmi suna cikin kwale-kwalensu a ranar, ba su san wani abu ya wuce ta kansu ba.